A-kori-kura ta zuwa aiki: rubutun bayan mota ko farantin kamfani?

[Hoto: safiya a Garwa, motoci da babura suna hawa gadar Binuwai. Hilux biyu gefe da gefe, ɗaya fara mai wilin ƙarfe, ɗaya baƙa mai ƙyalli.]

Jama'a, barkanku da war haka. Kwanan nan gardama ta yi zafi a wuraren sayar da motoci da kuma wayoyin mutane: wanda zai sayi a-kori-kura don zuwa aiki kullum, wacce zai ɗauka? Wasu sun ce sai ful-opsiyon, mai cikakken kayan alatu, wasu sun ce a ɗauki ta ƙasa, mai ƙirar ƙungiyoyin agaji, ba ta mutuwa. Duk ɓangarorin biyu sun tsallake mataki ɗaya, kuma a kansa za mu zauna yau.

[Hoto: kusa-kusa da murfin bodi. Yatsa yana bin haruffa.]

Ku dubi wannan rubutun. A ƙasashen Larabawa za ka ga GL, GLX, SR5. A Ingila Invincible. A Afirka ta Kudu Raider ko Legend. A Tailan Rocco. Duk Hilux ce, kowace kasuwa da sunan da take raɗa wa matakan kayanta. Motocin da ke shigo mana kuwa daga ko'ina suke: wata sabuwa daga wakilin kamfani, wata daga Dubai, wata okaziyon ce ta Beljik da ta sauka a Duwala, wata ta biyo ta Najeriya. Saboda haka GLX ɗin wannan ba lallai ya zama GLX ɗin waccan ba. Ban da haka, rubutun nan manne shi ake yi. Yaron shago zai liƙa maka shi kafin shayinka ya huce.

[Hoto: an buɗe ƙofa, kyamara ta sauka kan ginshiƙi, sannan an ɗaga bonet.]

Abin da za ka nema shi ne farantin kamfani. Ko dai yana jikin ginshiƙin ƙofa, ko cikin gidan inji. A kansa akwai layin da ke da haruffa uku da lambobi biyu ko uku a farko. Ku tsayar da bidiyon nan ku rubuta.

GUN125: injin gazuwal lita 2.4, mai ja da ƙafa huɗu. GUN126: gazuwal lita 2.8, ƙafa huɗu. TGN126: esansi lita 2.7, ƙafa huɗu. LAN125: tsohon injin nan na gazuwal lita 3.0 da ake kira 5L, marar turbo. Waɗannan na ƙirar da ta fito daga 2015 ne. Wadda ta gabace ta, KUN25 lita 2.5 ce, KUN26 lita 3.0.

Sai harafin da ke biye da lambar. L na nufin an ƙera ta da sitiyari a hagu, irin namu. R na nufin dama. In ka ga R a faranti amma sitiyari yana hagu, to an juya ta a gareji. Ba haramun ba ne, amma sai bakanike ya duba ɗinkin sitiyarin da birki da wayoyi, kuma kuɗinta bai kamata ya kai na 'yar'uwarta ba.

To yanzu ga inda ake faɗawa rami.

[Hoto: mota a kan ramin gareji. Fitila tana haska wata tukunyar ƙarfe a jikin salansa, da siraran bututu da wayoyi.]

Wannan tukunyar ita ce DPF, matatar hayaƙi. Motocin gazuwal da aka yi wa Turai suna da ita, kuma yawancin masu kayan alatu da ke burge mu a filin okaziyon daga can suke. Aikinta ta kama baƙin tokar hayaƙi. In ta cika, kwamfutar motar tana ƙara mai don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, tokar ta ƙone. Amma wannan ƙonawar tana son tafiya mai ɗorewa, inji ya yi zafi, mota tana gudu kamar kilomita 60 a awa, na minti 20 zuwa 30.

Yanzu ka auna da tafiyarka, Alhaji. Daga Yelwa zuwa ofis a tsakiyar gari, ko daga Domayo zuwa kasuwar Marwa. Minti goma, rabinsu kana bayan mai babur. Ka kashe mota. La'asar ka dawo. Injin bai ma gama ɗumi ba, balle ya ƙona toka. Kwamfuta ta fara aikin, ka katse ta. Gobe ta sake farawa, ka sake katse ta. Wata rana sai fitila ta kama a gabanka. In ka yi biris, motar ta rage wa kanta ƙarfi, kana taka totur tana tafiya kamar jakin da aka ɗora wa buhu uku.

Ga kuma maganar mai. Gazuwal na Turai sulfa ɗinsa kashi 10 ne cikin miliyan, da shi aka tsara matatar. Wanda ake zuba maka daga jarka a bakin hanya ba wanda ya auna shi, sau da yawa ma har da ruwa da ƙura. Baƙin mai ma ba kowanne ba: mota mai DPF tana son mai ƙarancin toka, irin mai alamar C2 a jikin galan. Ka yi mata vidanj da na buɗaɗɗen duro, ka ƙara toshe ta da tokar da wuta ba ta ƙonawa.

[Hoto: shuɗin murfi cikin gidan inji.]

In kuma ka ga shuɗin murfi an rubuta AdBlue, to akwai wani tanki na daban da ake zuba ruwan yuriya. In ya ƙare ƙarƙaf, motar ba za ta sake tashi ba bayan ka kashe ta. Ka tambayi kanka a ina za ka same shi a Gider ranar Lahadi.

Lura: lambar GUN125 kaɗai ba ta gaya maka ko akwai matatar ko babu, don injin ɗaya ake sayarwa Turai da sauran wurare, kayan salansa ne suka bambanta. Sai ka leƙa da idonka. Ga kuma gwajin yatsa.

[Hoto: yatsa cikin bakin salansa, inji a kashe kuma a sanyaye. An ɗago yatsan.]

Motar da matatarta ke aiki, bakin salansarta kusan fes yake. In dillali ya ce maka ta Turai ce, ba a taɓa ta ba, amma yatsanka ya fito baƙi ƙirin kamar ka shafi gindin tukunya, an fasa matatar ko an cire ta an yi wa kwamfuta dabara. Akwai masu yin aikin da kyau, akwai masu yin na ganin ido. Kai dai ka san abin da kake saye.

Ra'ayina, kuma ban ɓoye shi ba: wanda tafiyarsa ta kullum gajera ce a cikin gari, ya nemi wadda aka yi wa kasuwar Afirka ko ta Larabawa, marar wannan tukunyar, ko ya ɗauki ta esansi 2.7. Tana shan mai fiye da ta gazuwal, wannan gaskiya ne, amma gajeriyar tafiya ba ta dame ta ba. Wanda kuwa yake zirga-zirga tsakanin Garwa da Figil, ko yake hawan dutsen Mbe zuwa Ngawundere a kai a kai, gazuwal 2.4 ta ishe shi: ƙarfin injinta doki kusan 150 ne. Ta 2.8 ta fara da 177, daga 2020 ta kai 204. Daɗi gare ta wajen wuce tirela, amma zuwa ofis ba ka buƙatarta. Ita kuwa 5L, dokinta bai kai 100 ba. Kowane bakanike ya san cikinta, ba ta da zaɓen mai sosai, sai dai in ka kunna kilim a kan hawa, ka yi haƙuri kawai.

[Hoto: tayoyi uku jere a ƙasa, an sa ma'auni a gefen kowacce.]

Mu sauko ƙasa. Mutane suna zaton babbar daraja ita ce mai laushin tafiya. A'a. Duk Hilux ɗin nan, ta ƙasa da ta sama, a kan sifirin mai falle-falle bayanta yake zaune, wanda aka yi don ɗaukar kaya kusan tan ɗaya. In bodi ba komai, dole ta yi tsalle. Kujerar fata ba ta hana wannan.

Abin da ke canzawa shi ne taya. Ta sama tana zuwa da 265/60 R18, wato wili inci 18: tsayin gefen robar milimita 159. Ta tsakiya 265/65 R17: milimita 172. Wannan ƙarin robar shi ke shanye ramin kwalta kafin ya iso ƙugunka, shi ke kare wili daga lanƙwasa. Ta ƙasa kuma, mai wilin ƙarfe, sau da yawa tayarta mai harafin C ce a ƙarshe, ta ɗaukar kaya, gefenta tauri kamar ƙirgi. Don haka a maganar baya da ƙugu, ta tsakiya ce ta ci. Kuma ranar da taya ta fashe maka bayan Mora, ka nemi lamba 18 ka gani.

Wani abu kyauta: a ginshiƙin ƙofa akwai takardar iskar taya, da lamba biyu, ta mota ba kaya da ta mota da kaya. Masu faci sukan dura ta biyun, ko ma fiye. Ka sa a rage zuwa ta farko, za ka rantse an canza maka mota.

[Hoto: hotuna da sauri, kowanne daƙiƙa biyu.]

Sauran mu bi su a guje. Kabin biyu, wato mai kujerun baya, in akwai yaran makaranta. Bodinta wajen mita ɗaya da rabi, ya isa buhunan masara. Kujera: yadi. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, ka bar mota a rana ka zauna kan fata, za ka tuna da ni. Kilim: ka gwada shi a tsaye, inji na aiki, ba a guje ba. Giya mai canza kanta tana hutar da ƙafa a cunkoson gadar Ngeli tsakanin Kusuri da Injamena, amma gyaranta ba na kowane gareji ba ne. Allo da kyamarar baya: motar ta haura mita biyar, kyamarar tana da amfani, sai dai ana iya sa ta daga baya. Jakar iska da birkin ABS kuwa ba a sa su daga baya, su ka tabbatar akwai. Ka kuma duba dawakin da aka rubuta a karti griz, wato takardar rajistar mota, don inshora da winyet da su suke lissafi.

[Hoto: damina, hanyar ƙasa mai laka, taya tana juyawa a wuri ɗaya. Sannan maɓallin H2, H4, L4.]

Ƙafa huɗu ko biyu? In daga gida zuwa aiki kwalta ce, kuma ba ka shiga ƙauye da damina, ƙafa biyu ta wadatar, ta fi sauƙin nauyi da shan mai. In kuwa hanyarka ta bi ta ƙasar karal, wadda ruwan dare ɗaya ke mayar da ita sabulu, ko kana ƙetare mayo, wato rafi, kada ka yi rowa.

In ka saye ta, a kwalta busasshiya H2 kawai, wato ja da ƙafa biyu. Tsarin Hilux ba shi da abin da ke raba juyi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, don haka in ka bar ta a H4, wato ƙafa huɗu, kana karya kwana a kan kwalta, ƙarfen cikin yana murɗewa, taya tana gurzuwa, sitiyari ya yi nauyi. L4 kuma, ƙafa huɗu mai ƙarfin ja a hankali, ba a sa ta sai mota ta tsaya cak, giya a furi. Sau ɗaya a wata, ka samu hanyar ƙasa, kamar ta bayan Pitowa, ka sa H4 ka yi tafiyar kilomita 16 don mai ya zagaya kayan gaba. Ranar gwajin saye ma haka: ka kai ta kan ƙasa, ka murɗa maɓallin, ka jira fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya. In ta ci gaba da ƙiftawa, a kira bakanike kafin a fara maganar kuɗi.

[Hoto: fitilar H4 tana ƙiftawa, sannan ta tsaya. Motar ta ja gaba cikin ƙura.]