Wa za a sa a kwamitin unguwa? Ga abin dubawa kafin a ɗaga hannu

Assalamu alaikum jama'a. An idar da sallar isha'i a wani masallaci a Agege da ke Legas, an jawo bencina waje, janareta na ta ruri a gefe. Taransifoma ta ƙone mako uku ke nan, kwata ta toshe, ana so a kafa kwamitin da zai ja ragamar unguwa. Kafin mai unguwa ya rufe baki, sai wani ya ce, "Ai a ba Alhaji shugabanci kawai." Kowa ya yi shiru, don ba mai son a ce shi ya ƙi Alhaji.

Nan ake fara kuskure.

Alhaji mutumin kirki ne, kuɗinsa ma yakan fito in an nema. Amma a tambaya: wata nawa yake kwana a Legas a shekara? Da yawa daga cikinmu 'yan ci-rani ne. Da zarar damina ta faɗi a Arewa, sai a hau mota a tafi gona. To kuma daidai lokacin nan ne, Yuni da Yuli, ruwa ke cika layukan Legas har ya shiga ɗakuna. Kwamitin da rabinsa ke shuka gero a Jigawa ranar da ruwa ya shigo, wa zai nemo masu yashe kwata? Don haka a fara da mazauna, waɗanda 'ya'yansu ke makaranta a nan.

Sai harshe. Jihar Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma ƙungiyoyin ci gaban unguwa da ake kira CDA su gwamnati ta fi saurara. A taronsu da Yarbanci ake magana, a ofis kuma da Turanci ake rubuta takarda. Ku nemo yaron nan haifaffen Idi-Araba ko Obalende, wanda Yarbanci ya zauna masa a baki kamar Hausa, wanda zai gaida Baale, wato mai unguwar Yarbawa, yadda ake gaishe shi. Wani zai ce yaro ne. To, yaro ne, amma shi zai shiga Alausa, sakatariyar gwamnatin jiha, ya fito da amsa.

Ku tuna 2022. A watan Mayu aka ba mazauna kasuwar Alaba Rago kwana 14 su tashi. Ranar 1 ga Yuni kuma aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa. Irin wannan sanarwa ba ta jiran a gama shawara. Ana bukatar wanda wayarsa ke shiga, wanda ya iya karanta takardar ya faɗa wa mutane abin da ke ciki ba ƙari ba ragi.

Kada a bar kujerun ga masu gida kaɗai, 'yan haya sun fi yawa kuma su ke biyan kuɗin shara da na gadi. Mata ma haka. Hajiyar da ke sayar da tuwo a bakin layi ta san gidan da aka yi baƙo, ta san wanda bai biya ba, ta san famfon da ya daina zuba tun kafin maza su ji labari. In zama cikin maza da dare zai yi mata wuya, a mayar da taron bayan la'asar.

Maganar kuɗi kuwa, ita ke raba zumunci. Shugaba daban, ma'aji daban, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa karanta abin da ya shiga da wanda ya fita duk ƙarshen wata, a gaban kowa. A yanka wa'adi tun ranar farko, shekara biyu misali, saboda ana jin kunyar sauke mutum daga baya.

Alhaji fa? A ba shi uban ƙungiya. Ranar da rigima ta taso da maƙwabta, shi da liman za a tura gaba, su je su ga Sarkin Hausawa. Sakatare kuma ya bi su a baya da littafinsa.