Lacca kan katakon loko: wanda aka ce zai maye gurbin tik

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna jina? Toh madalla. Abu huɗu nake so mu taɓa a kan loko, wato iroko da 'yan katako suke faɗa. Na farko kamanninsa, na biyu yadda yake a hannun kafinta, na uku inda ake amfani da shi, na huɗu lafiyar mai aikin. In lokaci ya bar mu.

Kamanni dai ba zan daɗe ba tunda da yawanku kun fi ni taɓa shi. Bishiya ce ta dazuzzukan Afirka masu ruwa, tana iya kai mita 50 tsawo, gangar jikinta miƙe sambal kafin ka ga reshe, shi yasa ake samun faffaɗan falanki masu tsawo daga jikinta. 'Yar gidan su ɓaure ce, in ka sari ɓawon farin ruwa ne zai fito kamar madara. A Ghana odum suke ce mata, a gabashin Afirka mvule, a Kwango kambala. Ranar da aka yanka katakon ruwan ɗorawa ne, har mai saye ya ce an cuce shi ba loko bane, amma a bar shi ya sha iska da haske zaka ga yana rinewa yana komawa ruwan ƙasa mai duhu. Nauyinsa in ya bushe wajen kilo 660 ne a kowace mita kubik, kusan ɗaya da tik, wato wani katako mai daraja da asalinsa daga Asiya yake, kuma saboda wannan da kuma yadda yake jure ruwa Turawa suke masa laƙabi da tik ɗin Afirka, alhali ba dangin juna bane ko kaɗan.

Toh na biyu, kuma wallahi nan ne abin da ya kawo ni. Dutse. Loko yana da dutse a cikinsa. Malam kana dariya, ba wasa nake ba, dutse na gaske. Kana tsaka da tsaga falanki zarto yana tafiya lafiya lau sai kaji ƙararrr, sautin injin ya canza, ka kashe ka duba haƙoran sun dakushe, wani lokacin ma ɗaya ya ɓalle. Kace ƙusa ce wani ya buga? Babu ƙusa. Ka leƙa cikin tsagar zaka ga wani abu fari-fari ko ruwan toka ya cika wata kafa a cikin itacen, da tauri, in ka ƙwanƙwasa da ƙarfe yana amsawa. Wannan shi ne kalsiyum kabonet, sinadarin da ke cikin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, shi ne kuma a ɓawon ƙwai. In kana so ka tabbatar ka ɗiga masa ruwan khal, zaka ga yana kumfa.

Yanzu tambayar ita ce me ya kai dutse cikin bishiya? Ku saurara da kyau don abin nan yana burge ni. Bishiyar tana zuƙo kalsiyum daga ƙasa ta saiwa, tana haɗa shi da wani sinadari da take yi da kanta daga iskar kabon da take shaƙa, ana ce masa oksalet. Ganye da ɓawo da saiwa in sun mutu sun ruɓe sai ƙananan halittun ƙasa, bakteriya da su fungi, su cinye oksalet ɗin, abin da ya rage ya koma kabonet. Shi yasa in aka tona gindin tsohuwar loko ana samun dunƙulen farin dutse a ƙasar da asalinta babu irin wannan dutsen sam. A jikin itacen kuma yawanci inda bishiyar ta taɓa jin rauni ne yake taruwa, tsaguwa ko wani tsohon sara. Wato iskar kabon da ta shaƙa daga sama wani kaso ya ƙare a matsayin dutse. Masu binciken sauyin yanayi suna ta murna da wannan, kafinta kuma yana ta tsaki, kowa da abin da ya dame shi.

Kuma abin haushin ba a ganinsa daga waje. Falanki ne mai kyau sumul, dutsen yana ciki ya yi lamo. Amma akwai alama, a'a bari in maimaita don masu rubutu, akwai alama: katakon da ke kewaye da dutsen ya fi sauran duhu. In kaga wani zane baƙi-baƙi ya bi tsawon falankin kamar an zuba mai, kar ka tura shi cikin inji kai tsaye, ka sa kurfi ka ɗan tona wurin tukuna. In dutse ne ka yanke wurin ka jefar, asarar taku ɗaya na katako ta fi asarar wuƙaƙen inji sauƙi. Kuma duk mai aikin loko kullum ya nemi zarto mai haƙoran kabaid, wani abu ne da ya fi ƙarfe tauri, na ƙarfe zalla kullum kana wurin wasawa. Tik shima yana cin wuƙa amma nasa silika ne, yashi-yashi a baje ko'ina cikin itacen, yana cin kaifi a hankali. Na loko lokaci ɗaya yake yin ɓarnarsa.

Ina muke? Na uku ko? A'a ban gama na biyu ba. Jijiyar katakon ba miƙe take ba, wani layi ya karkata dama wani ya karkata hagu, sun sarƙe. Shi ke ba shi wannan zanen mai ratsi-ratsi da masu kuɗi suke so, amma wajen sharewa sai fuskar ta riƙa tsagewa tana ɓantarewa. Maganin a rage kusurwar wuƙa zuwa wajen digiri 15, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Bushewa kuwa ba ya wahalarwa, ba ya yawan lanƙwashewa, in ya bushe ya zauna kenan. Gam yana kama shi, sukuru ma haka amma a fara huda wurin. Banish mai mai ne yake jinkirin bushewa a kansa, a goge fuskar da tina kafin a shafa.

Amfani kuwa kun sani, ƙofa, taga, daɓen ƙasa, matakala, kujerun da ake bari a waje, jiragen ruwa, teburin ɗakin gwaje-gwaje. Gara ba ta son sa, ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri. Amma zuciyar itacen nake nufi, farin gefen nan na kusa da ɓawo ƙwari suna cinye shi su mai da shi gari, duk wanda ya haɗa maka da shi a cikin ƙofa ya cuce ka.

Sai na biyar, lafiya. Na huɗu ne? Toh na huɗu. Garin loko mugu ne, akwai wani sinadari a ciki ana ce masa kuloroforin da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, ga atishawa, wasu har asma. A sa takunkumi, a sa riga mai dogon hannu, yaran shago ma a saya musu ba oga kaɗai ba.

Na'am baba, ga hannunka a sama, bismillah.

(Tambaya: tunda yana da daraja haka me yasa ba a yin gonarsa kamar yadda ake yin ta tik?)

Allah ya saka da alheri baba, ka taɓo inda yake ciwo. An gwada, ba sau ɗaya ba. Matsalar wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne sunansa Phytolyma, yana sa ƙwai a kan sabon toho, ganyen ya kumbura ya yi ƙulli-ƙulli, ƙullin ya fashe ya ruɓe, kan shukar ya mutu. Ta sake toho ya sake dawowa. In ka jera loko zalla a fili cikin rana kamar ka shirya masa walima ne. Abin da aka lura shi ne in an cakuɗa ta da wasu bishiyoyi ta samu 'yar inuwa ɓarnar tana raguwa. Ga shi kuma akwai mace akwai namiji, bishiya daban-daban, in aka sare mazan yankin matan ba za su yi iri mai kyau ba, kuma jemagu ne suke cin 'ya'yan su baza irin cikin daji. Kenan kusan duk falankin loko da ka gani daga daji aka saro shi, bishiyar da ta yi shekaru da yawa kafin ta kai yanka. Ga mai gabatarwa yana nuna min agogo. Wanda ya zo da guntun katakon nan ya miƙo shi gaba, in nuna muku baƙin zanen kafin a tashi.