Rigar ruwan hoda daga Kano zuwa Bronx

Bilkisu: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Bilkisu ce. Ga Ummi a gefena tana fama da shayi, ga kuma Anti Ladi, wadda sai da muka yi da gaske yau kafin muka ɗago ta daga kan keken ɗinki.

Anti Ladi: Ba ku kuka ɗago ni ba, wuta aka ɗauke.

Ummi: To ai ta yi mana rana.

Bilkisu: Maganar yau daga gidanmu ta fito. Yayata da ke zaune a Bronx, can birnin New York, 'yarta ta shiga aji 12, ajin ƙarshe na sakandare a wurinsu. Shekaranjiya yarinyar ta kira ni ta bidiyo, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Anti, furom ɗinmu a Mayu ne, riga nake so ruwan hoda, kuma a Kano za a ɗinka min."

Anti Ladi: Tsaya tukuna. Mene ne kuma furom?

Ummi: Liyafar rawa ce, Anti, ta 'yan ajin ƙarshe da masu bi musu, ana yin ta wajen Afrilu zuwa Yuni kafin a yaye su. A kama zaure, a ci abinci, a yi hotuna, a yi rawa, har a zaɓi sarki da sarauniya. 'Yan mata da dogayen riguna kamar amare, samari da kwat. A al'adarsu yaro ne zai zo ɗaukar yarinya, ya ɗaura mata fure a wuyan hannu.

Anti Ladi: Ya ɗaura mata me? Kuma uwar tana tsaye tana kallo?

Bilkisu: Na san za a zo nan. Babu wani yaro, Anti. Su biyar ne ƙawaye, duk 'ya'yan mutanenmu, akwai 'yan Ghana, akwai 'yar Nijar. Tare za su je, baban ɗaya ya kai su, ya kuma koma ya ɗauko su. Da wannan sharaɗin yayata ta yarda, bayan an sha daru.

Ummi: Wasu ma nasu na mata zalla suke shiryawa. A 2012 ɗalibai mata na sakandaren garin Hamtramck, a jihar Michigan, sun tara kuɗi suka yi furom ba namiji ko ɗaya, don waɗanda gidajensu ba su yarda da cakuɗa ba su samu shiga.

Anti Ladi: Yauwa, wannan ai ƙauyawa ce irin tamu, ba ni da ja. Wancan kuwa, tunda uwa da uba sun yanke, ni tela ce, ba alƙali ba. Mu koma kan riga. Wane ruwan hodar take nufi?

Bilkisu: Ruwan hoda dai.

Anti Ladi: Kin ga inda ake samun rigima da tela ke nan. Ki shiga Kantin Kwari ki ce ruwan hoda, mai shago zai zube miki kala goma a gabanki, kowanne ya rantse shi ne. Akwai mai haske na kayan jarirai. Akwai ruwan albasa, wanda ya ɗan ja zuwa toka-toka, 'yan anko suka sa shi a gaba. Akwai mai sirkin ruwan goro. Akwai kuma mai ƙarfin nan da ke kusa da ja, wanda tun daga bakin layi za a hango ki. Yarinyar ya fatarta take?

Bilkisu: Baƙa ce, irin mai sheƙin nan. Babanta ta ɗauko.

Anti Ladi: To mai ƙarfin nan ne nata.

Ummi: A nan ne zan saɓa miki, Anti. Ni ina ganin mai haske ya fi fito da baƙar mace. Fatar ta yi duhu, rigar ta yi haske, kowanne ya fito da ɗan'uwansa.

Anti Ladi: Da rana, gaskiyarki. Amma da dare za a yi abin nan, a cikin zaure, ga fitilu, ga hasken kyamarar waya. Mai hasken nan idan fitila ta doke shi fari yake komawa a hoto. Ta kashe kuɗi don ruwan hoda, hoto ya fito kamar ta sa likkafani.

Bilkisu: Subhanallahi, Anti!

Anti Ladi: To ƙarya na yi? Ni ya faru da ni. Wata amarya ta turo min hoton yadi a waya, na je na sayo abin da idona ya gani, na ɗinka har da aikin duwatsu. Ranar da ta zo karɓa ta zauna a ƙasan shagona tana kuka, wai ba shi ba ne. Muka haɗa wayarta da tawa, hoto ɗaya, kala biyu. Tun daga ranar na daina karɓar kala ta waya. Ƙyalle za a yanko, a aika mata guda uku, ta ɗora a wuyanta, ba a bayan hannu ba, ta duba a hasken rana, ta sake dubawa da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, a ɗauki hoto da fitilar waya. Wanda ya tsira a duka ukun shi ne nata.

Ummi: Na sallama. Amma kun san wannan kalar da ake cewa ta mata ce, ba haka take tun asali ba ko a Amurkan? A 1918 wata mujallar 'yan kasuwar kayan jarirai ta rubuta cewa ruwan hoda na yara maza ne saboda ya fi ƙarfi, shuɗi kuma na mata. Daga baya abin ya juye. Cikin waɗanda suka ƙara masa farin jini akwai matar Shugaba Eisenhower, Mamie. A liyafar rantsar da mijinta a 1953 ta sa doguwar riga ruwan hoda mai duwatsu sama da 2,000, har aka riƙa kiran kalar da sunanta.

Anti Ladi: Duwatsu 2,000! Allah ya jiƙan idon wanda ya jera su. Mu nan ai ba mu taɓa raba kala haka ba. Abokan ango nawa kuka gani da shadda ruwan hoda, an kafa hula, ba wanda ya ce uffan?

Bilkisu: Tunda kin ambaci shadda, ita yarinyar ta ce ko a yi mata da Getzner, don a san daga ina ta fito.

Anti Ladi: Getzner ɗin ma daga Ostiriya take zuwa, amma bar wannan. Shadda tana da kyau a tsaye, tana da ƙyalli, sai dai ba ta zubowa, kuma da ta zauna a mota ta yamutse. Rigar rawa yadi mai bin jiki take so. Ni abin da zan yi: sama leshi mai ƙananan fure, daga ƙugu zuwa ƙasa shifon ninki biyu ko uku, a yi masa shafi da yadi mai santsi. Leshi yadi biyar ake sayarwa, ba za ta cinye ba, ragowar a yi wa uwar riga. Shafin kuma lallai kalarsa ta zama ɗaya da ta saman. Kika sa farin shafi a ƙarƙashin ruwan hoda, kin kashe shi.

Ummi: Hannu fa? Rigunan furom na kantunansu yawanci ba hannu, baya a buɗe, ga tsaga har cinya.

Bilkisu: Dalilin da ya sa take son ɗinkin gida ke nan. Bara wata ƙawarta ta sayi irin wannan, ta sa baƙar riga mai kama jiki a ciki don ta rufe hannu da ƙirji. Ta ce duk daren a takure take.

Anti Ladi: Ai dole. Riga biyu ce ke faɗa a jiki ɗaya. Sutura ba faci ba ce da za a liƙa daga baya, tun a wurin yanka ake sa ta. A yi dogon hannu da leshin kansa, da shafi, a ɗan buɗa shi a wuyan hannu. Wuya a ɗaga shi. Kuma a bar sarari a hammata, don ta iya ɗaga hannu. Telolinmu da yawa suna ɗinka riga kamar mai ita gunki ce, ba za ta motsa ba. Jela kuma ban da ita. Amarya tana da masu riƙe mata, wannan kuwa cikin turmutsitsin yara za ta shiga, a taka, ta yage.

Ummi: Ni kuma a kan kai nake da magana. Kada a yi mata gwaggwaro, za ta zama uwar biki. Mayafin shifon mara nauyi, ko ɗaurin ɗankwali ƙarami. Kuma kada ya zama ruwan hoda sak irin na rigar, da takalmi ruwan hoda, da jaka ruwan hoda, da jambaki ruwan hoda.

Bilkisu: Ta koma alawa.

Ummi: Ta koma alawa! Mayafin ya ɗan fi rigar haske, ko a yi ruwan madara. Sarƙa, in dai wuyan rigar ya hau, a haƙura da ita, 'yan kunne da awarwaro sun isa. Mai ƙarfin nan da ruwan albasa gwal suke so, mai haske kuma azurfa.

Anti Ladi: Takalmin ta saya tun yanzu. Da shi a ƙafarta za a auna tsawon rigar, ba da silifas ba. Inci uku na tsini ba wasa ba ne a bakin riga. Ta kuma yi ta yawo da shi a cikin gida, ya saba da ƙafarta.

Bilkisu: Lalle fa? Ta ce tana so.

Ummi: Jan lalle, kwana biyu kafin ranar, don sai ya kwana yake nuna. Baƙin nan na rini ta yi hankali da shi, akwai wani sinadari a ciki, PPD, da ke sa fatar wasu ta yi ƙuraje har ta tashi. In ba ta taɓa yi ba, kada ranar furom ta zama ranar gwaji.

Anti Ladi: Saura babbar magana, lokaci. Shekarun nan ƙaramar salla cikin Maris take faɗowa. Duk telan da ya ce miki zai taɓa rigar furom a cikin azumi, alhali ɗinkin salla ya kai masa wuya, daɗin baki yake miki. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kawo awo kafin azumi, a gama, a aika, ta isa hannunta da saura wata guda. Zan bar inci ɗaya a kowane gefe daga ciki, in ta matse, wani tela a can ya buɗa. Awon kuma kada ta yi da kanta. Uwar ta riƙe tef, a kira ni ta bidiyo ina kallo.

Bilkisu: Wato kin karɓi aikin ke nan, Anti?

Anti Ladi: Na ce na karɓa? Ba mu yi maganar kuɗi ba. Kuma tunda daga Amurka ne, da dala za a biya.

Bilkisu: Haba Anti, 'yarki ce fa!

Anti Ladi: 'Yata ce, shi ya sa zan sa mata duwatsu ɗari kyauta. Ba 2,000 ba.

Ummi: Masu sauraro, mu dakata nan kafin ciniki ya ɓaci. Bilkisu, gobe da safe Kwari, ki taho da almakashi.

Bilkisu: Ƙarfe goma. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.