Jawabin Maraba Ga Tsohuwar Magatakarda a Taron Ma'aikatan Sashen Ɗaukar Ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Shugaban Jami'a, Magatakarda, shugabannin tsangayoyi da 'yan'uwana ma'aikata, barkanku da hallara.

Hajiya, ranki ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. A madadin ma'aikatan wannan sashe ina yi miki lale marhabin. Mun san tun da kika yi ritaya kika rage tafiye-tafiye, don haka amsa gayyatarmu da kika yi ba ƙaramar karramawa ba ce.

Yawancin matasan da ke zaune a gabanki a kwamfuta suka tarar da aikin nan. Ke kuwa kin fara shi tun ana ɗaure fayil da zare, ana liƙa sunayen waɗanda suka samu gurbi a allon sanarwa. Daga ƙaramar ma'aikaciyar ofis kika zama mataimakiyar magatakarda, kika riƙe wannan sashe, har Allah Ya kai ki kujerar Magatakarda, ba tare da kin tsallake mataki ko ɗaya ba. Na faɗi haka ne da gangan, domin akwai masu gaggawa a cikinmu.

Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a, wadda aka kafa a 1978, ta sauya salo sau da yawa a kan idonki. A 2015 jarrabawarta ta koma kwamfuta gaba ɗaya. A 2017, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede a hukumar, aka kawo tsarin CAPS na ɗaukar ɗalibai ta intanet: jami'a ta zaɓi ɗalibi, hukumar ta amince, shi kuma ya karɓa ko ya ƙi. Ƙa'idar rabon gurabe a jami'o'in tarayya kowa ya haddace ta: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko.

A takarda lissafin ba wuya. Wuyarsa sai ranar da ɗaruruwa suka nemi likitanci, alhali hukumar kula da aikin likita ta ƙayyade wa jami'a adadin da ba za ta wuce ba. Ranar ne waya ba ta hutawa. Wannan ya aiko da 'yar takarda daga wani babba, wancan surukinka ne, ga kuma uwa a bakin ƙofa tana hawaye, ɗanta ya ci maki amma gurbi ya ƙare. CAPS ta toshe ƙofofin alfarma da yawa, amma ba ta koya wa ma'aikaci yadda zai ce wa babban mutum a'a cikin ladabi, ko yadda zai lallashi waccan uwa ya nuna mata wani kwas da ɗanta zai iya samu. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinki sun shaida kin iya duka biyun.

Shi ya sa muka ɗauko ki, ranki ya daɗe. Muna roƙon ki gaya wa yaran nan naki yadda ake riƙe amanar jerin sunaye, da irin karatun da ya kamata su ƙaro idan suna hangen shugabanci a wannan fage, da amfanin shiga ƙungiyar ANUPA ta ma'aikatan mulkin jami'o'i. In da hali, ki taɓo mana zancen zama lafiya da shugabannin sassa, don ko ni ina da buƙatar jin wannan.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya mayar da ke gida lafiya. Bismillah Hajiya, ga abin magana.