Kafin a sa wa yaro waya a baki da sunan bincike

Assalamu alaikum. 'Yan uwa ɗalibai, yau maganarmu a kan jera haƙora ce. Idan ɗayanku ya kawo mini takardar neman yin gwaji a kan marasa lafiya, tambayar da nake fara yi masa ita ce: me waɗanda suka riga ka suka gano, kuma wa ya tattara shi wuri guda?

Abin da nake nufi da tattarawa shi ne bitar tsanaki, inda ake zaƙulo duk gwaje-gwajen da aka yi kan tambaya ɗaya, masu daɗin ji da marasa daɗi, a auna ingancinsu, sannan a haɗa sakamakon. Aikin da ƙungiyar Cochrane ta sa a gaba ke nan tun kafuwarta a Ingila a 1993.

Ku ɗauki yaron da haƙoransa na sama suka turo gaba. An daɗe ana gardama: a fara masa aiki yana ɗan shekara 8 ko 9, ko a jira ya kai shekarun balaga? An yi gwaji ta hanyar ƙuri'a, wato ƙuri'a ce ke zaɓar yaran da za a fara wa aiki da wuri da waɗanda za su jira, a Arewacin Karolina da Filorida a Amurka, sannan Kevin O'Brien da abokan aikinsa suka yi nasu a Birtaniya da yara 174, da na'urar Twin Block, wato robobi biyu da ake sa wa yaro a baki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da Cochrane ta sabunta bitarta a 2018, sai ga shi a ƙarshen aiki haƙoran sun zauna kusan iri ɗaya, ko an fara da wuri ko an jira. Ribar farawa da wuri ita ce raguwar rauni a haƙoran gaba: kashi 19 cikin 100, a maimakon kashi 30.

To, wanda ya karanta wannan ba zai sake tara yara don ya tambayi abin da aka riga aka amsa ba. Zai nemi inda giɓin yake, misali wane yaro ne ya fi haɗarin karya haƙori, ko yaya haƙoran suke bayan shekara goma.

Wallahi abin nan yana ci mini rai, domin na ga yadda yaro yake a makon farko da robobi biyu a baki. Miyau na zuba, harshe ya ƙi juyawa, idan malami ya ce ya yi karatu a aji sai ya sunkuyar da kai. Uwarsa kuma ta bar sana'arta duk bayan 'yan makonni ta kawo shi, har shekara biyu ko fiye. Sun yarda ne don mun ce musu ba a san amsa ba. In kuwa an sani, mun ci amanarsu.

Kada ku ɗauka matsalar maimaita gwaji ta likitocin haƙora ce kaɗai. Maganin aprotinin, mai rage zubar jini a tiyatar zuciya, an yi masa gwaji 64 daga 1987 zuwa 2002, alhali tun gwaji na 12, a 1992, an tabbatar yana rage buƙatar ƙarin jini. A 2005 mujallar likitanci ta Lancet ta fara neman marubuta su nuna matsayin aikinsu cikin abin da aka riga aka tattara.

Wani ɗalibi daga baya yana tambaya, idan babu bitar fa? Madalla da tambaya. Sai ka fara yin ta da kanka, ka rubuta inda ka duba da ranar da ka duba. Idan kuma akwai amma ta tsufa ko an yi ta da gaggawa, ka faɗi haka a gabatarwarka, ka kawo hujja. A mako mai zuwa kowa ya zo da gwaji ɗaya na jera haƙora, mu buɗe gabatarwarsa mu ga wace bita ya ambata.