Fodkas Hirar Inuwa: sandar fatsar nan ta Laminu da ta ishi kowa

Ilu: Salamu alaikum jama'ar Damagaram. Yau dai ba yadda za mu yi, tun da Laminu ya saka hoton sandar fatsar nan tasa a WhatsApp mutane suka hana mu sakat, wai wace irin fatsa ce ba tana ba ƙullu.

Laminu: Kai bari in faɗa da bakina. Sandar fibir ce, fibir ɗin gilashi, ƙanen babana ya taho min da ita daga Kano, ta hannu ce, in ka juya kuɗin sefa 15.000 ne da mazarinta na naɗe zare da zarenta duka, ƙafa 7 da rabi, lamba 5, wato lambar nauyin zaren da take jefawa, tana rabuwa gida uku in sa ta a jaka in hau moto sai tafkin Gidimuni.

Hadiza: To ina dalma? Fatsar da na sani ai da dalma ake jefa ta.

Laminu: Yauwa ƙanwata, nan ne abin yake. Babu dalma. Zaren ne mai kauri da nauyi, shi ke ɗaukar ƙugiyar ya kai ta, ita kuwa ƙugiyar gashin tsuntsu aka ɗaure mata ta yi kamar ƙwaro. Ka wurga baya, ka jira zaren ya miƙe, sannan ka turo gaba. Jiran nan shi ne komai, kuma fibir tana lanƙwasa har kusa da hannunka a hankali, kana jin nauyin zaren a tafin hannu lokacin da ya miƙe, ita ke gaya maka yanzu. Bayan yaƙin duniya na biyu sandar fibir ta fito ta ture ta gora, sai wajen 1973 ta karbon ta shigo, ba nauyi, ga tsada, aka raina wannan. Amma ta karbon in ta bugu da dutse tana iya tsagewa, tawa kuwa ta faɗo daga moto bayan Mirya, fenti kawai ya goge.

Ilu: Ka faɗa musu inda kake samun gashin.

Laminu: Zabin Inna mana.

Hadiza: Allah sarki zabin Inna!

Ilu: Ran nan na shiga gidan, zabi bakwai duk suna kan katanga, ina sallama ba su motsa ba, Laminu na shigowa suka watse.

Laminu: Wanda ya zuba ƙasa nake tsinta wallahi.

Hadiza: To me ya kai ka akurki da asuba?

Ilu: Har Inna ta ce za ta sa musu kwaɗo.

Hadiza: Ta fara sayar mishi ɗaiɗai, dala biyar biyar.

Laminu: Ku yi dariyarku, gashin zabo mai ɗigo-ɗigon nan har a Turai da shi ake ɗaure ƙugiya, mu ga shi a tsakar gida. Gefen ciyawa na jefa da sassafe ruwa kwance, ina kallo karfasa ta taso ta buɗe baki ta haɗiye, ba ta wuce tafin hannuna ba amma sandar ta lanƙwashe kamar baka, hannuna har rawa yake. Wani dattijo masunci ya ajiye komarsa ya zo ya juya ƙugiyar a hannu ya ce ɗana sake jefawa in gani.

Hadiza: Tarwaɗa fa?

Laminu: Ita tana ƙasa cikin laka, sai dai sa'a. Kuma in iskar hunturu ta taso sandar ba ta da ƙarfin yankar ta, zaren jikinka yake dawowa, shi ya sa tabarau dole ne saboda ido.

Ilu: Mun ce za mu yi maganar yadda mai koyo zai fara, ga shi ana kiran magariba.

Laminu: Fili kawai zai samu ya ɗaura ulu ba ƙugiya, ya...

Ilu: Sati mai zuwa, Laminu. Hadiza kashe.