Rawar da ake nunawa daga kai har ƙafa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya waiwayi tsofaffin finafinan rawa da waƙa na Amurka, waɗanda aka yi daga 1933 zuwa shekarun 1950, don mu ga abin da ya sa har gobe ba a gajiya da kallonsu.

Sirrin yana wajen ɗauka. Shahararren ɗan rawan fim Fred Astaire ya kafa wa daraktoci sharaɗi cewa kyamara ta nuna mai rawa tun daga kai har ƙafa, kuma a bar rawar ta tafi ba tare da yawan yanka ba. Da jin wannan ka san aiki ne ja. In ƙafa ta goce a minti na uku, babu hoton fuska ko na 'yan kallo da za a rufe kuskuren da shi, sai dai a koma farko. A fim ɗin Swing Time na 1936, sau 47 aka maimaita ƙarshen wata rawa tasa da abokiyar rawarsa Ginger Rogers, har ƙafafunta suka yi jini cikin takalmi. Finafinai 10 suka yi tare, kuma mai kallo yana yarda da su ne domin idonsa ya shaida kowane taku.

Sautin ma da nasa aikin. Takalmin irin wannan rawa yana da ƙarfe biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a dunduniya, su ke ba da ƙwas-ƙwas ɗin nan. Ana fara naɗar kiɗan tun kafin ranar ɗauka, a sake shi ta lasifika, 'yan rawa su bi. Bayan an gama, sai a shiga ɗakin naɗar sauti, mutum yana kallon majigi yana sake buga takun ɗaya bayan ɗaya. Hermes Pan, mai tsara wa Astaire rawa, shi ne ya sha buga na Rogers. Hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa guda, in sautin ya makara da biyu ko uku kawai, kunne zai kama, rawar ta lalace.

Ko dabarun da suke yi, jikin ɗan rawa ne ke ɗaukar nauyinsu. A Royal Wedding na 1951, Astaire ya taka bango ya hau silin ɗaki yana rawa. Ɗakin gaba ɗaya aka gina cikin wata ƙatuwar ganga mai juyawa, aka kafe kujeru da teburi, aka ɗaure kyamara tana juyawa tare da ɗakin. Shi kaɗai ne ba a ɗaure ba. Dole ya san daidai lokacin da bango zai zama ƙasa, in ya yi gaggawa ko ya yi nawa, sai ya zame, asiri ya tonu.

Sai rawar Gene Kelly cikin ruwan sama a Singin' in the Rain na 1952. Ruwa ba ya fitowa sosai a hoto sai an hasko shi ta baya, ga kuma tagogin shaguna da ke iya maido da hasken fitilun, don haka sai da aka yi ta gyara musu wuri. Kwat ɗinsa ta ulu ta jiƙe ta tsuke, shi kuma yana fama da zazzaɓi da ya haura digiri 39. Duk da haka dubi fuskarsa lokacin da yake fantsama ruwan kwata da ƙafa bibbiyu, farin ciki ne zalla.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, kuma Kannywood ta gaji rawa da waƙa daga can, mun saba da yanka hoto duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, a sauya kaya, a sauya wuri. Yana da nasa daɗin, amma a ganina yakan ɓoye gwani da ɗan koyo baki ɗaya. Darakta zai iya gwada ja da kyamara baya ko na minti guda, ya bar ƙafa ta bayyana.

Wanda ke son ganin iyakar abin, ya nemi 'yan'uwan nan biyu baƙar fata, Fayard da Harold Nicholas, a Stormy Weather na 1943. Zamanin wariyar launin fata ne, ba a ba irinsu manyan matsayi a fim, wasu gidajen sinima na kudancin Amurka ma sukan cire wuraren da baƙaƙe suka fito. A ƙarshen rawar suna saukowa daga wata doguwar matattakala, kowa na tsallake kan ɗan'uwansa ya dira a mataki na gaba da ƙafafu a ware, ɗaya gaba ɗaya baya, cinya na taɓa ƙasa. Suna isa ƙasa sai su miƙe tsaye ba tare da sun dafa da hannu ba, su sake hawa, su sulalo, kiɗan mawaƙi Cab Calloway na tashi, ba su saɓa masa ko sau ɗaya ba.